Yaya zan rabu da tallan riga-kafin bairos da ya addabi kwamfutar gidana?

Tambaya daga wani malamin makaranta

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya, ina neman shawarar masana a kan wata matsala da ta shafe kusan mako uku tana damuna. Ina da laftof guda ɗaya a gida, ta hannu ce na saya shekara biyu da suka wuce, kuma Windows 10 ce a kanta. Da ita nake buga tambayoyin jarrabawa da sakamakon ɗalibai, da ita maiɗakina take lissafin ɗinkinta, yara kuma sukan kalli ƙwallo ko majigin yara idan an kawo wuta a ƙarshen mako.

Abin da ke faruwa shi ne, da zarar na haɗa ta da intanet ɗin wayata, sai wasu ƙananan akwatuna su fara fitowa a kusurwar ƙasa ta hannun dama, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da ɗan ƙararsa. Wani ya ce an gano bairos biyar, wani ya ce wa'adin kariyata ya ƙare jiya, wani kuma ya ce ana satar bayanan bankina a daidai wannan lokacin. Duka ja ne wur, kuma suna ɗauke da suna da tambarin wani kamfanin riga-kafi wanda ban taɓa ɗora manhajarsa ba. Ko ban buɗe komai ba suna zuwa. Ranar Talata da daddare, ina tsakiyar shigar da makin aji uku, na ƙirga goma sha ɗaya kafin in gama shafi guda.

Ban da waɗannan, akwai wani babban akwati da ke fitowa a tsakiyar fuska sau biyu ko uku a yini. Shi kam na san daga inda yake, domin sunan manhajar riga-kafi ta kyauta da aka sa mini a shagon da na sayi kwamfutar ne a jikinsa. Wani lokaci ya ce kwamfutar ta yi nauyi, wani lokaci ya ce ana ganin adireshina a intanet, kuma ko yaushe na danna gyara sai ya kai ni shafin biyan kuɗi da dala.

Na sa manhajar ta binciki kwamfutar gaba ɗaya, ta ɗauki fiye da awa biyu, ta ce ba ta ga komai ba. Da na ga haka sai wani abokin aikina ya ba ni wata manhajar riga-kafi daban a filash, na ɗora ta a kan ta farkon, sai ya zama an gudu ba a tsira ba: talla ta ƙaru, fankar kwamfutar ba ta hutawa, kuma buɗe takarda ɗaya yakan ɗauki lokacin da zan sha shayi in dawo. Sau ɗaya na yi kuskuren danna ɗaya daga cikin jajayen akwatunan, sai wani shafi ya cika fuskar duka, da jiniya, da muryar mace tana magana da Turanci, da lambar waya ta ƙasar waje wai in kira nan take. Ban kira ba. Na danne maɓallin kashewa har ta mutu.

Tambayoyina uku ne. Shin da gaske akwai bairos a cikinta? Idan na daure na biya kuɗin, tallar za ta tsaya? Ko kuwa sai an wanke ta gaba ɗaya, kamar yadda wani ya faɗa mini? Wannan na ƙarshen ne nake tsoro, domin takardun shekara biyu na makaranta suna ciki, kuma ba ni da kwafinsu a wani wuri. Allah ya saka da alheri ga duk wanda ya taimaka.

Amsar wani mai gyaran kwamfuta

Wa alaikumus salam, Malam. Ka kwantar da hankalinka, kada ka biya ko sisi, kuma kada ka yarda a wanke maka ita tukuna. Irin wannan ƙorafi kusan kowane mako sai an kawo mini shi shago, kuma bayanin da ka yi ya nuna abubuwa biyu ne mabambanta suka haɗu maka, kowanne da maganinsa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauke su abu ɗaya.

Zan fara da jajayen akwatunan kusurwa. Waɗannan, a mafi yawan lokuta, ba bairos ba ne, kuma ba daga kamfanin da sunansa ke jiki suke fitowa ba. Sanarwa ce ta shafin intanet. Tun shekarar 2015 Chrome, wato burauza ko manhajar buɗe shafukan intanet, ya ba shafuka damar aiko wa mutum da sanarwa ko da ya rufe shafin, muddin ya ba su izini sau ɗaya, sauran burauzoji ma suka bi sahu. An yi abin ne domin amfani, kamar jarida ta sanar da kai sabon labari ko imel ya shaida maka saƙo ya shigo, amma 'yan damfara suka gano cewa ƙofa ce mai sauƙin shiga. Yaro zai je shafin kallon ƙwallo kai tsaye ko na sauke fim, sai a rubuta masa cewa ya danna “Allow” domin wasan ya fara, ko domin ya tabbatar shi mutum ne. Da ya danna, shi ke nan, shafin ya samu lasisin yi maka sallama duk lokacin da ya ga dama. Da ɗan gari akan ci gari, Malam. Wani a cikin gida ne ya buɗe ƙofar ba tare da ya sani ba.

Wannan ne dalilin da ya sa binciken awa biyu bai ga komai ba. Babu wani mugun fayil da aka ajiye a kwamfutar, izini ne kawai aka rubuta a cikin saitin burauza, kuma manhajar riga-kafi ba ta ɗaukar izinin da mai kwamfuta ya bayar da hannunsa a matsayin cuta. Sunayen kamfanonin riga-kafi McAfee da Norton su ne masu wannan sana'a suka fi ara, saboda mutane sun san su. Kura ce da fatar akuya. Wasu shafin sata suke kai ka, wasu kuma, abin mamaki, shafin kamfanin na gaskiya suke tura ka ta wata hanya da za a ba su la'ada idan ka saya.

Ga yadda za ka tabbatar da maganata da idonka. Idan akwatin ya sake fitowa, kada ka danna jikinsa, ka matso ka duba ƙaramin rubutun da ke samansa ko ƙasansa. Za ka ga sunan burauzar, Google Chrome ko Microsoft Edge, tare da wani adireshi mara kan gado, haruffa da lambobi a cakuɗe. Wannan adireshin shi ne mai maganar. Manhajar riga-kafi ta gaskiya ba ta bi ta sanarwar wani baƙon shafin intanet ta yi maka gargaɗi.

Daga nan ka buɗe Chrome, ka rubuta chrome://settings/content/notifications a wurin da ake rubuta adireshi. Idan Edge ne, ka rubuta edge://settings/content/notifications. Za ka ga jerin shafukan da aka ba izini. Duk wanda ba ka gane ba, ka danna ɗigo ukun da ke gefensa ka zaɓi “Block”. Na fi son toshewa a kan gogewa, domin idan ka goge shi kawai, gobe yaro zai koma shafin a sake tambayarsa ya sake dannawa, amma wanda aka toshe ba ya samun damar tambaya. Sannan a saman wannan shafi akwai zaɓin hana kowane shafi neman izinin sanarwa kwata-kwata, kuma ga kwamfutar da yara ke taɓawa shi nake ba da shawara. Ka tuna ka duba kowace burauza da ke kan kwamfutar, har da Firefox ko Opera idan akwai, kuma idan akwai fiye da mutum ɗaya da aka buɗe wa nasa ɓangaren a cikin Chrome, kowane ɓangare jerinsa daban.

Ka ce suna zuwa ko ba ka buɗe komai ba. Dalili shi ne Chrome da Edge sukan ci gaba da aiki a ɓoye bayan an rufe su, Edge ma yakan tashi tare da Windows domin ya riƙa buɗewa da sauri. A cikin saitin kowannensu, ƙarƙashin “System”, akwai wurin kashe wannan. Idan ka gama, ka leƙa chrome://extensions ka cire duk wani ƙari, wato ƙaramar manhajar da ake liƙa wa burauza, da ba kai ka sa ba, musamman masu cewa suna taimaka maka bincike ko sauya fasalin fayil. In kana son ƙarin natsuwa, akwai wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna AdwCleaner, ta kamfanin Malwarebytes, wadda ba a girka ta, buɗe ta kawai ake yi, kuma cikin 'yan mintuna take zaƙulo irin waɗannan tarkacen talla. Ka sauke ta daga shafin kamfanin kansa, kada ka karɓa a filash ɗin wani.

Sai babban akwatin tsakiya. Shi na gaskiya ne ta fuskar cewa daga manhajarka yake, amma talla ce sanye da rigar gargaɗi. Mai ba ka manhaja kyauta yana son wata rana ka zama mai biya, kuma ba shi da abin da zai ja ka da shi da ya wuce tsoro. Yawancinsu suna da wurin rage surutu a cikin saitinsu, a Avast da AVG misali ana kiransa “Silent Mode”, sai dai kashe sanarwar ta cikin saitin Windows ba ya cika yin aiki a kansu, domin su suke zana akwatinsu da kansu ba tare da sun bi ta hanyar Windows ba. Biyan kuɗi ma ba lallai ya kawo shiru ba; na sha ganin wanda ya biya na riga-kafi aka koma tallata masa na goge shara da na ɓoye adireshi.

Ni abin da zan yi da kwamfutata ce, in cire su duka biyun. Ba a sarki biyu a gari ɗaya: kowace tana tsare duk fayil ɗin da ka buɗe sai ta bincika, kowace kuma tana zargin 'yar'uwarta, shi ya sa fankarka ba ta hutawa. Ka cire su ɗaya bayan ɗaya ta cikin jerin manhajoji na saitin Windows, kana kashewa da kunnawa bayan kowace. Idan wata ta ƙi fita, manyan kamfanonin suna da kayan cirewa na musamman a shafukansu, kamar MCPR na McAfee da avastclear na Avast. Da zarar sun fita, Microsoft Defender, wanda tun Windows 8 yake zuwa a cikin Windows a matsayin cikakken riga-kafi, zai tashi da kansa, domin dama ja da baya yake yi idan ya ga an kawo wani. Ba ya neman kuɗinka, kuma ga kwamfutar gida ya wadatar.

Amsar wata mai shagon buga takardu

Malam, sannu da wannan jarrabawa. Injiniya ya yi bayani mai gamsarwa, kuma ba ni da ja a kan batun jajayen akwatuna, domin haka aka gyara mini nawa. Amma ina da gyara a wuri biyu, sannan da gargaɗi ɗaya wanda a ganina ya fi komai muhimmanci.

Na farko, kafin ka cire ko da abu ɗaya, ka sayi filash sabo ko ka ari faifan ajiya na waje ka kwashe takardun makarantar nan. Ka ce ba ka da kwafinsu a ko'ina, kuma wannan ya fi tallar tayar mini da hankali. Cire manhajar riga-kafi ba ya taɓa takardu a bisa al'ada, amma kwamfutar hannu ce mai shekaru, kuma idan wuta ta ɗauke ko batir ya mutu ana tsakiyar aiki, ba a san abin da zai biyo baya ba.

Na biyu, Injiniya ya ce Defender zai tashi da kansa. Haka ya kamata, amma ba kullum ba. Da yawa daga cikin kwamfutocin da ake sayarwa a kasuwanninmu, Windows da Office ɗin da ke kansu ba na saye ba ne, an buɗe su ne da wasu 'yan manhajoji da Defender yake kamawa ya goge, don haka masu ɗorawa sukan kashe shi tun daga tushe domin kada ya ɓata musu aiki. Injiniya ya san da wannan, ba sai na faɗa masa ba. Saboda haka bayan ka cire manhajojin, ka buɗe “Windows Security” ka tabbatar akwai koren alama a kan ɓangaren bairos, kuma ka shiga jerin abubuwan da aka keɓe daga bincike. Ni a tawa na tarar an keɓe faifan C gaba ɗayansa, wato mai gadi yana nan a bakin ƙofa amma an ce masa kada ya kalli kowa.

Game da ko Defender ya wadatar, ni ban saki jiki da hakan a shagona ba. Filash talatin ko fiye ake soka wa kwamfutata a yini, na ɗalibai da na ma'aikata, kuma rabinsu suna ɗauke da bairos ɗin nan da ke ɓoye fayiloli ya bar maka gajerun hanyoyi a madadinsu. Don haka nake biyan kuɗin riga-kafi duk shekara. Sai dai na yarda cewa halin gida daban ne da na shago, kuma idan filash ɗin abokan aiki ba ya yawan shiga taka, maganar Injiniya ta fi dacewa da kai.

Gargaɗin kuwa a kan shafin nan ne mai jiniya da lambar waya. Ka yi dabara da ba ka kira ba. Ƙanin maigidana ya kira irin wannan lamba bara. Wanda ya ɗauka ya ce shi ma'aikacin sashen taimako ne, ya sa shi ya sauke wata manhaja ta sarrafa kwamfuta daga nesa, yana zaune yana kallon kibiyar linzami tana yawo da kanta a fuskar kwamfutarsa, aka buɗe masa wasu jerin rubuce-rubuce aka ce duk ɓarna ce, sannan aka nemi lambar katinsa. Allah ya taimake shi katin bai yi aiki da dala ba, amma sai da muka sauya duk kalmomin sirrinsa a daren. Microsoft da kansa ya bayyana cewa saƙonnin gargaɗinsa ba sa ɗauke da lambar waya. Idan shafin ya sake rufe maka fuska, ba sai ka kashe kwamfutar da ƙarfi ba: ka danne maɓallin Esc na ɗan lokaci ko ka danna F11 ya fita daga cika fuska, ko ka haɗa Alt da F4. In ya ƙi, ka haɗa Ctrl da Shift da Esc ka rufe burauzar daga can. Idan ka sake buɗe ta ta tambaye ka ko a dawo da shafukan da aka rufe, ka ce a'a.

Kuma idan wata rana ka yanke shawarar saye, ka lura da sabunta biya ta kai tsaye. Farashin shekarar farko rangwame ne, na shekara ta biyu shi ne na gaskiya, kuma za a cire shi daga katinka ba tare da an sake tambayarka ba sai in ka shiga asusunka ka kashe. Ni ma sai da aka cire mini sau ɗaya kafin na koya.

Amsar wani ɗalibin kimiyyar kwamfuta

Ina gaishe da Malam, da Injiniya, da Hajiya. Ni ƙarami ne a cikinku, amma ina so in ƙara wani abu a kan dalilin da ya sa manhajar kyauta take naci haka, domin sanin dalilin zai sa Malam ya cire ta ba tare da jin kamar ya bar gidansa a buɗe ba.

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanin da ke ɗaukar ɗaruruwan injiniyoyi ba zai raba aikinsu kyauta don Allah ba, dole ya samu kuɗi ta wata hanya, kuma talla ita ce hanyar da ake gani. Akwai wadda ba a gani. A farkon shekarar 2020 wani binciken 'yan jarida ya bankaɗo cewa Avast yana sayar da bayanan shafukan da masu amfani da manhajarsa suke ziyarta ta hannun wani reshensa mai suna Jumpshot, kuma cikin 'yan kwanaki kamfanin ya rufe reshen. A watan Fabrairun 2024 hukumar kula da harkokin kasuwanci ta tarayyar Amurka, FTC, ta sanar cewa kamfanin zai biya dala miliyan 16.5 a kan wannan batu, aka kuma hana shi sayar da irin waɗannan bayanai domin talla. Ban san wace manhaja ce a kan kwamfutar Malam ba, kuma ba ina cewa duka haka suke ba, amma wannan ya isa ya nuna cewa mai gadi ma yana da nasa buƙatun.

Wani abin kuma, canza wannan manhajar kyauta da waccan ba lallai ya canza komai ba, domin da yawansu gida ɗaya ne. Avast ya sayi AVG a 2016, kamfanin Norton ya sayi Avira, sannan a 2022 Norton da Avast suka haɗe suka zama Gen Digital. Mutum zai gudu daga suna ɗaya ya faɗa wani, alhali mai shagon bai sauya ba.

Game da saɓanin Injiniya da Hajiya, akwai cibiyoyi masu zaman kansu da aikinsu shi ne gwada waɗannan manhajoji, kamar AV-TEST da ke Magdeburg a Jamus da AV-Comparatives da ke Innsbruck a Ostiriya, kuma suna wallafa sakamakonsu kyauta. A shekarun baya Defender yana can ƙasa, shi ya sa har yanzu wasu ke raina shi, amma a 'yan shekarun nan yana fitowa kafaɗa da kafaɗa da waɗanda ake saye. Sharaɗin kawai shi ne ya riƙa samun sabuntawa. A nan ne muke da matsala, domin don tattalin data da yawanmu mukan kashe sabuntawar Windows baki ɗaya, sai riga-kafin ya zauna da ilimin bara. Sabuntawar Defender ta yau da kullum ba ta da nauyi. Ko sau biyu a mako Malam ya shiga ya danna ta da hannu, ya yi. A cikin “Windows Security” kuma akwai wani bincike da ake yi ba tare da Windows ta tashi ba, kwamfutar za ta kashe kanta ta yi shi cikin kamar minti goma sha biyar, kuma yana da kyau a yi shi sau ɗaya bayan an gama share-sharen nan.

Abu biyu na ƙarshe. Malam ya buɗe wa yara nasu asusun a kwamfutar, wanda ba shi da ikon shugaba, ta yadda ba za su iya girka yawancin manhajoji ba sai da kalmar sirrinsa, kuma duk abin da suka danna a burauzarsu ba zai shafi ɓangarensa ba. Sannan tunda Windows 10 ce, ya kamata ya san cewa Microsoft ya daina ba ta sabuntawar tsaro ta kowa da kowa tun ranar 14 ga Oktoban 2025, sai ga waɗanda suka shiga shirin ƙarin wa'adi. Wannan magana ce ta wata rana, amma 'yan damfara suna amfani da ita wajen tsoratarwa, don haka duk saƙon da ya ce Windows ɗinka ta ƙare ka danna nan, ka bar shi ka je saitin sabuntawa ka duba da kanka.

Mai tambaya ya dawo

Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Na bi shawararku jiya Asabar bayan la'asar, kuma ga yadda ta kaya.

Na fara da maganar Hajiya, na kwashe takarduna a filash biyu, ɗaya na kai makaranta na kulle a durowa. Daga nan na buɗe Chrome na rubuta adireshin da Injiniya ya bayar, sai na tarar jerin babu kowa, har na fara tunanin ko tawa matsalar daban ce. Ina cikin haka wani jan akwati ya fito, na cire tabarau na matsa kusa, sai ga sunan Edge a rubuce da ƙananan haruffa waɗanda mako uku ina kallonsu ban taɓa karantawa ba. Ni ban ma san ana amfani da Edge a gidan ba. Da na shiga, shafuka huɗu na gani, babu ɗaya da sunansa ke karantuwa. Babban ɗana da ke tsaye a bayana ya yi shiru, can ya ce ranar wani wasan ƙwallo ne, an ce sai ya danna kafin hoto ya fito, ya danna har sau huɗu hoton bai fito ba. Ban yi masa faɗa ba, domin ni ma da na danna nawa jan akwatin ba wayo na fi shi ba. Na toshe su duka, na kuma hana neman izinin.

Manhajar da abokina ya ba ni ta fita ba gardama. Ta shagon kuwa sai da ta tambaye ni sau uku ko na tabbata, ta yi mini tayin rangwame, ta nuna mini hoton kwamfuta da jan gicciye, kafin ta yarda ta tafi. Maganar Hajiya ta tabbata: Defender bai tashi da kansa ba, sai da na kunna shi da hannu, kuma na tarar da manyan fayil biyu a jerin waɗanda aka keɓe, na cire su. Binciken minti goma sha biyar ɗin ya kama abu ɗaya ya killace. Tun daren jiya zuwa yanzu ko akwati ɗaya bai fito ba, fankar ma ta yi shiru har sai da na kara kunne in ji ko tana aiki.

Saura tambaya ɗaya, Injiniya. Maiɗakina da ta ga abin da na yi ta kawo mini wayarta, ashe ita ma irin waɗannan saƙonni suna sauko mata daga sama, wai wayarta ta kamu da bairos kuma batirinta zai lalace. Android ce. Shin hanya ɗaya ce, ko ita sai an kai ta shago?

Mai gyaran kwamfuta ya ƙara da cewa

Madalla, Malam, na ji daɗin wannan labari, kuma na karɓi gyaran Hajiya a kan Defender. Abin da binciken ya killace, ka duba sunansa kafin ka goge. Idan abin da aka buɗe Office da shi ne, kada ka yi mamaki in Word ya fara neman lasisi nan da wasu kwanaki, kuma idan hakan ta faru ka dawo mu tattauna a kan LibreOffice, wanda kyauta ne kuma yana buɗe takardun Word.

Wayar uwargida ba sai an kai ta ko'ina ba. Idan saƙon ya sauko, ta ɗora yatsa a kansa ta danne na daƙiƙa biyu, zai nuna mata manhajar da ta aiko shi. In Chrome ne, ta buɗe shi, ta danna ɗigo ukun da ke sama, ta shiga saiti, ta nemi saitin shafuka, sannan sanarwa, za ta ga irin jerin da ka gani a Edge, sai ta toshe su. In kuma sunan wata manhaja ce daban ya fito, musamman irin masu cewa suna goge shara ko sanyaya batir, ta cire manhajar gaba ɗaya, sannan ta duba jerin manhajojin wayar ko akwai wata mara suna ko mara hoto da ta shigo tare da ita.